Mushe Lawali Ya Ga Faifansa

Mushe Lawali ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina tsakar gida a nan Tasawa ina guga, sai ga kiran ƴarsa Rakiya daga Mayahi. Ta faɗa mini. Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Sai na ji bakina yana cewa, "Kin tabbata?" Wallahi haka na tambaye ta, ita da ke zaune kusa da gawar mahaifinta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ciwon sugan da ya daɗe yana fama da shi ne ya tashi masa cikin makon nan. An yi masa sutura da hantsi. Yanzu ina tasha, zan je in yi wa matarsa Hajiya Hinda gaisuwa. Ina jiran mota ta cika ne nake rubutun nan. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, ban saba sakin rubutu ban bi shi na sake bi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ya koya mana kimiyyar fizik a lise, wato babbar sakandare. Mushe kuwa lakabin Faransanci ne da muke kiran malamai maza da shi. Dogo ne siriri, kullum da alli a aljihun gaba har ya ɓata masa riga. Da ya yi ritaya sai ya koma gida Mayahi, yana noman gero da wake a gonarsa ta hanyar Atantane.

Shi ya raɗa mini suna Birgil. Birgil ita ce ƴar waƙafin nan da muke sawa a tsakiyar lamba in muna lissafi. In ya rubuta 9,8 a allo, sai in ɗaga hannu in ce, "Mushe, 9,81 ne." Aji ya kwashe da dariya. Wata rana ya juyo ya ce musu, "Ku yi ta dariya. Ranar da za ku hau gada da mota cike da kaya, za ku so a ce Birgil ce ta yi lissahinta."

Daga ranar ba a sake yi mini dariya ba, amma sunan ya zauna.

Ni mai fargaba ce, duk wanda ya san ni ya san haka. Ranar da za mu rubuta bak, jarrabawar gama lise, na same shi a bakin ƙofa, ya miƙo mini ƴar na'urar lissafinsa. Na ce ina da tawa. Ya ce, "Na sani. Kuma na san tun jiya kike tunanin za ta mutu. Ba za ta mutu ba, amma riƙe wagga don ranki ya kwanta."

Da na tafi jami'a a Maradi, duk kaka sai direba ya kira ni in zo in karɓi ƙullin wake. In na aika masa dogon saƙo ina lissafa abubuwan da nake tsoro, amsarsa ba ta canzawa: "An gani. Tahi ki ci abinci."

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Mushe yana ɗaukar hoton sama.

Tsohuwar kamara ce da shi, da wasu katakai biyu da kafinta ya haɗa masa da maɓalli irin na ƙofa. Akwai doguwar ƙusa mai murɗawa a tsakaninsu. Yana murɗa ta a hankali, kamara tana bin taurari yadda suke tafiya, don kada su ja layi a hoto. Bayan sallar isha'i zai hau moto ya tafi gona, inda ba fitilar kowa.

Cikin duk abin da ke sama, abu ɗaya ya fi so. Sunansa a littafi M33. Tarin taurari ne masu ɗimbin yawa, irin tarin da ranarmu take ciki, wanda ake kira galaksi. Haskensa yana yin kusan shekara miliyan uku a hanya kafin ya iso mana. Yana da hannuwa da suka taso daga tsakiya suka murɗe zuwa waje, kamar yadda mai ɗinkin faifai take farawa daga cibiya tana zagayawa. Shi ya sa Mushe yake ce masa Faifai.

Hannuwan nan ba sa fitowa a hoto ɗaya, haskensu ya yi rauni ƙwarai. Sai an ɗauki hotuna da yawa na wuri guda, a ɗora su bisa juna a ordinatar, wato kwamfuta, har ɗan hasken ya taru. Shi ba shi da ordinatar, ni ina da ita. Haka aikin ya rabu, shi da gona, ni da haɗawa. Ban taɓa bin shi gonar ba. Duk saman da na sani, ta cikin katin kamararsa na san ta.

Bara likitan ido a Maradi ya faɗa masa gaskiya. Suga ta taɓa bayan idon, ganin zai ci gaba da raguwa, kuma tabarau ba zai dawo da shi ba.

Ya kira ni a waya. Bai yi wani kewaye ba. Ya ce, "Birgil, ina so in ga hannuwan Faifai cikin hoton da ni na ɗauka, tun ina gani. Wagga kakar ce ta ƙarshe da zan iya saita kamara."

Na ce masa akwai hotunansa a intanet, na manyan na'urori, zan iya kawo masa gobe. Ya ce, "Na san su, sun hi nawa kyau nesa. Amma wancan hasken wasu ne. Ni wanda ya hwaɗo gonata nake so."

Tun daga bayan girbi har sanyi ya kankama, duk daren da sama ta washe yana can.

Nan sai na bayyana wani abu, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya faru ba. Kowace kamara tana da nata datti. Akwai ɗigogi a cikinta da zafi yake kunnawa ko babu haske, kuma na kowace daban ne. Don haka in an gama ɗaukar sama, sai a rufe bakin kamara da murfinta a ci gaba da ɗauka. Hotunan suna fitowa baƙi ƙirin, amma dattin yana ciki. Ordinatar sai ta dube su ta cire irinsa daga hotunan sama. Sharaɗin ɗaya ne: dole zafin kamara ya zama daidai da na lokacin da aka ɗauki saman. Shi ya sa ake ɗaukar su nan take, a daren.

Mushe bai taɓa tsallake wannan ba.

Ni kuma lokacin ina fama da kundin kammala karatu, ban samu zuwa ba sai da bazara ta shigo. Katin ya zauna cikin kamara. A tsakani Rakiya ta haihu, aka yi suna.

Ranar da na je, muna zaune a rumfar tsakar gidansu, Hajiya tana gefe tana jera ƙanƙara a kula, don sana'arta ke nan da zafi. Na sa katin a ordinatar. Hotunan sama duk suna nan. Ga rago, ga jinjira, ga mata cikin anko. Na sauka har ƙasa, na hau, na sake sauka.

Na ce, "Mushe, ina baƙaƙen?"

Ya ce, "Suna ciki. Kowane dare na ɗauka."

Hajiya ta ɗago. "Waɗanne baƙaƙe? Waɗanda suka ƙone? Ai na sa an share su ranar suna."

Ni da Mushe muka juyo wajenta.

Ta ce, "Yo Malam, kati ya cika, ga baƙi tun daga Kanan Bakashe, in bar su su tahi ba hoto? Da idona na diba. Duk mai ɗigo-ɗigo na ce a bar maka, na san taurarinka ne. Wanda babu komi ciki, baƙi kamar gindin tukunya, shi na ce a hidda. Taimakonka hwa na yi."

Mushe ya yi dariya har ya sarƙe da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Duk garin nan mutane haske suke rasawa. Ni kaɗai ne na rasa duhu."

Ni ban yi dariya ba. Na gwada dawo da su, hotunan suna sun riga sun hau wurinsu. Na gwada haɗa saman ba tare da su ba. Da na ɗaga hasken, gefe guda ya yi ja, ga wasu layuka sun ratsa hoton kamar ruwan sama a jikin taga. Tsakiyar Faifai ta fito. Hannuwan sun nutse cikin datti.

Hajiya ta ce, "To ku sake ɗauka mana. Ba ruhe baki ba ne kawai?"

Na buɗe bayanin da kamara take ajiyewa a jikin kowane hoto. Ta rubuta zafinta a dararen can: tsakanin digiri goma sha tara da ashirin da biyu. Mu kuwa muna tsakiyar bazara, ko da asuba bango yana da ɗumi. Na ce sai dai mu jira sanyi ya dawo.

Mushe ya ce, "Sanyi zai dawo, wanga ba shakka. Idona ne ban san ko zai jira shi ba."

A lokacin ya riga ya daina karanta saƙo a waya. Da na shigo gidan ma, sai da na yi sallama ya gane ni.

Ina zaune na rasa inda zan sa idona, sai na tsaya ina kallon hannun Hajiya tana danna murfin kula. Na taɓa karantawa cewa wasu masu wannan aikin suna sa kamara a firigo, wato firji, su ɗauki baƙaƙen. Na faɗa, muryata ƙasa-ƙasa, kuma nan take na fara janyewa. Na ce akwai haɗari. Raɓa tana iya shiga cikinta ta kashe ta, kuma ita kaɗai ce da shi.

Ya ce, "In ta mutu, wa za ta bari da asara? Idona ya riga ta yin ritaya. Bon, Hajiya, a ba mu aron kula."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Kulata? Ke Birgil, abin da jami'ar taku ta koya miki ke nan, a sa wa kamara ƙanƙara kamar mai zazzaɓi?"

Amma washegari da na dawo, na tarar ta wanke kular ta shanya, ta ware ƙanƙara, ta kawo tsohon zanenta na naɗewa. Ta ce, "Ni na ɓata, ni zan gyara. Amma kada wanda ya hwaɗi a gari."

Hajiya, ki gafarce ni, yau na faɗa.

Muka sa kamara cikin leda biyu da ƴar busasshiyar shinkafa don ta sha danshi. Muka naɗe ƙanƙara a zane muka tura ta gefe guda. Igiyar da ake latsawa kamara ta ɗauki hoto ta fito ta ƙarƙashin murfi, Mushe ya riƙe ta, shi ke dannawa.

Zubin farko ya fito digiri goma sha biyu. Na ce ba za su yi ba, sun yi sanyi da yawa.

Hajiya ta leƙo ordinatar. "Wanga baƙi, wancan baƙi. Mi ya raba su?"

Mushe ya ce, "Birgil ta ce a zubar. A zubar."

Muka rage ƙanƙara, muka jira, muka sake. Yini guda muka yi a rumfar nan muna ragewa muna ƙarawa. Masu sayen ƙanƙara suna ta sallama ana ce musu yau babu. Wata maƙwabciya ta kasa haƙuri ta ce mi ke cikin kular da kuka tasa gaba kamar mai jego? Mushe ya ce mata, "Duhu muke sanyayawa." Ta dube shi, ta dubi Hajiya, ta fita tana salati.

Da la'asar muka fara samun ashirin, ashirin da ɗaya. Muka tara abin da ya isa. Ban bari an buɗe ledar ba sai da ta huce ta koma zafin gari. Da muka kunna kamarar, ta kama. Sai lokacin na lura ban ci abincin da Hajiya ta ajiye mini tun azahar ba.

Haɗawar ta ɗauke ni makonni a Tasawa. Ordinatar tawa ba ta da ƙarfi, kuran, wato lantarki, kuma yana ɗaukewa a tsakiyar aiki in sake daga farko. Ranar da ta kammala, na fara ɗaga hasken kaɗan-kaɗan. Jan nan babu. Layukan babu. Daga tsakiya wani abu kamar hayaƙi ya miƙo ya lanƙwasa, sai wani ta ɗaya gefen.

Na tashi na zagaya ɗaki na dawo na zauna. Suna nan.

Na kai masa a ordinatar. Ya kawo fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe. Sai ya ja baya ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai, Birgil. An gode."

Na san muryar. Ita ce wadda yake lallashin ɗalibin da ya faɗi jarrabawa da ita. Toka-toka bisa baƙi ya fi ƙarfin idonsa, tsakiyar kawai ya gani. Na rufe ordinatar.

A mota ina komawa na tuna yadda masu binciken sama suke yi in abu ya yi dishi-dishi. Juya hoton suke yi, sama ta koma fara, taurari su koma baƙi. Ba a ƙara komai, ba a rage komai, amma ido ya fi kama baƙi bisa fari. Na juya shi, na kai wurin mai buga hotunan biki, na ce ya buga a takarda mafi girma da yake da ita. Ya duba ya ce, "Madam, hoton ya lalace, bari in gyara miki." Sai da na tsaya a kansa har injin ya gama.

Ranar da na kai masa takardar ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe, ana gab da ruwan farko.

Tun a hanya na yanke shawara ba zan faɗa masa komai ba. Ba zan ce ga sama ga ƙasa ba, ba zan ce hannuwan ta nan suka bi ba. Na san shi. In na nuna masa, zai ce ya gani don ya faranta mini, kuma zan zauna har ƙarshen rayuwata ban san gaskiya ba.

Da hantsi ne. Ya fito da tabarma bakin zaure inda haske yake da kyau. Na miƙa masa takardar na koma gefe. Hajiya ta fito da ludayi a hannu ta tsaya.

Ya kawo ta kusa. Ya kai ta nesa. Ya karkata kai yana kallo ta gefen ido.

Sai ya ɗora yatsa a tsakiya. Yatsan ya fara tafiya a hankali, ya fita, ya lanƙwasa. Makonni na yi ina kallon hoton nan, na san kowane lungunsa. Hannun yake bi, bai kauce ba. Ya dawo tsakiya, ya kama na biyun. Can wajen ƙarshensa ya tsaya bisa wani ɗan baƙin tabo.

Ya ce, "Wanga ba tauraro ba ne. Ya yi hwaɗi, gehenshi ba kaihi. Birgil, shi ne?"

A hannun nan akwai wani babban gajimaren iska mai suna NGC 604, inda sababbin taurari suke samuwa. Ban taɓa faɗa masa ya fito a hoton ba.

Na ce, "Shi ne, Mushe."

Ya ce, "Alhamdulillahi. Na gani." Ya sake faɗi. Sai ya ɗaga murya, "Hajiya, taho ki ga abin da kularki ta dahwa."

Ta sunkuyo ta duba. Ta ce, "Yo shi ke nan? Ai ko rabi mai ɗinkin ba ta kai ba." Tana faɗi tana goge ido da bakin mayafi.

Ya juyo wajen da nake. "Shirun da kika yi, gwada ni kike, ko? Na sani. Da ni ne ma haka zan yi. To, nawa kika ba ni?"

Na ce ashirin bisa ashirin.

Ya ce, "A'a. Akwai ƙaramin hannu ta nan da na san yana nan amma ban gan shi ba. Rage biyu."

Rakiya ta ce mini damina tana tsakiya ganin ya ƙarasa tafiya, sai dai ya bambanta rana da inuwa. Sanyin da na ce mu jira, har yau bai zo ba. Gero ma bai nuna ba tukuna.

Shi ya sa yau, duk da hawayen, abin da ya fi yawa a raina godiya ce. Na gode wa Allah da ya ba shi abin da ya roƙa tun yana da idon karɓa. Na gode wa Hajiya Hinda, da kularta, da cinikin yini guda da ta bari. Na gode wa Mushe da ya ɗauki tsorona ya mai da shi abin aiki, ya ba ni amanar abin da ya fi so.

Na sa hotunan biyu a ƙasa, baƙin da farin. Taurarin gefe sun ɗan ja wutsiya, kun san hannu ne yake murɗa ƙusar. Ban gyara ba. Haka ya ɗauka.

Ya Allah, bawanka Lawali ya ƙare ganinsa yana kallon halittarka yana maka tasbihi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka cika shi da haske, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba Hajiya da Rakiya da sauran iyali haƙurin rashinsa. Ka sa shi cikin waɗanda za su dubi fuskarka a Aljanna da ido lafiyayye.

Don Allah, duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ƴan ajinmu kuma ku isar wa waɗanda ba su ji ba.

Allah ya jiƙan Mushe. Amin.